Sabon Kube, Tsofaffin Wuƙaƙe

A Lesta, ran Lahadi, ruwa bai ɗauke ba tun asuba.
Na jawo durowar ƙasa ina neman batir,
sai ga su uku kwance cikin safa marar 'yar'uwa:
rumbunan ajiya na kwamfutocin da suka riga mu zuwa bola.

Ɗaya na ciro daga wadda shayi ya kashe,
ɗaya daga wadda ta yi ta tari har ta yi shiru.
Na ukun ban tuna gidansu ba.
Gangar jiki ta tafi, ƙwaƙwalwa ta saura,
ba baki, ba ido, ba mai tambayarta me ta sani.

Mista Parek na shagon kan kwana ya ce fam sha biyu.
Na ce goma.
Ya dube ni ta saman tabarau, na biya sha biyu.
Ya miƙo ɗan akwatin baƙin ƙarfe
da igiya guntuwa kamar wutsiyar ɓera.
Kube ne wannan, na ce a raina,
wuƙaƙen suna gida.

Kusoshi huɗu, kowace ba ta fi ƙwayar gero ba.
Ɗaya ta faɗa cikin kafet ta ɓace,
na yi rarrafe da furfurata a ƙarƙashin tebur
har Rumasa'u ta ciro maganaɗisu daga ƙofar firij
ta kamo ta tana yi mini dariya.

Na farko ya shige kuben kamar don shi aka ƙera.
Shuɗiyar fitila ta ƙifta, ya fara gurnani a hankali.
Takardun biza, rasiɗan haya,
kundin digirin da na bari a babi na uku.
Na share su ban waiwaya ba.
Rumbu ya koma fanko, Rumasa'u ta gaje shi,
ta zuba aikin makaranta da hotunan kyanwarta.

Na biyu, ƙas, ƙas, ƙas.
Na hura masa iska, na juya shi, na lallashe shi.
Ƙas.
Abin da ya sani ya tafi da shi.

Na uku, kwamfuta ta tambaya ko a wanke shi tas.
Yatsana ya riga ya sauka rabi
yarinyar ta riƙe mini hannu: Baba, duba tukuna.
Jaka ɗaya ce ciki, sunanta "sabo sabo 2".

Yana ɗauka?
Kai, ka tabbata yana ɗauka?

Yaya Tukur ne, a rumfarsa ta gyaran rediyo a Gusau.
Bayansa injin niƙa yana kuka,
wata yarinya tana tallan awara,
wani ya ce a ba shi canjinsa.
Ya yi gyaran murya zai faɗi wani abu mai nauyi,
sai dariya ta ƙwace masa.
Daƙiƙa arba'in da ɗaya.
Shekara bakwai ke nan da muka sa shi a ƙasa,
ni kuwa ta waya na yi jana'iza.

Wane ne? in ji Rumasa'u.
Na buɗe baki, sai na sake danna shi.

Yana ɗauka, Yaya.
Ya ɗauka.

Ni ma ciro ni aka yi daga wata tsohuwar na'ura,
aka zura ni cikin kuben wannan gari mai sanyi,
ina juyi, ina aiki, fitilata tana ƙiftawa,
ba wanda ya san injin niƙan da ke kuka cikina.

Na ɗaure kusoshin huɗu, na ƙara matsawa.
Wannan ba zai sake komawa safa ba.
Gobe zan koma wurin Mista Parek a ba ni wani kuben,
kuma ba zan yi ciniki ba.